Na mayar da bangon Notepad++ baƙi, sai rabin rubutuna ya ɓace

Wani ƙanena da ke aikin buga takardu a wani shago kusa da babbar kasuwar Maradi, da dare kuma yana koyon HTML, yaren da ake rubuta shafukan intanet da shi, a manhajar rubutu ta Notepad++, shi ya aiko mini da wannan: "Yaya, farin allon nan yana ƙona mini ido. Na shiga Notepad++ na mayar da bango baƙi, rubutu kore, irin yadda nake gani wurin gwanaye. Sai rabin abin da na rubuta ya ɓace, wasu kalmomi kuma suka fito da farin faci a bayansu. Da na tura wa abokina fayil ɗin, shi fari da baƙi kawai ya gani. Me na ɓata? Kuma wane launi ya fi dacewa da ido?"

Ƙanena, kwantar da hankalinka tukuna, ko harafi ɗaya bai ɓace ba. Yana nan inda ka bar shi, baƙi ne ya hau kan baƙi, kamar baƙar akuya a daren da babu farin wata. Danna Ctrl da A tare, za ka ga abinka ya bayyana a ƙarƙashin launin zaɓi.

Bari in fara da maganar abokinka, don ita ce gindin sauran. Fayil ɗin da Notepad++ ke ajiyewa, ko .txt ne, ko .html, ko .py, ba ya ɗauke da launi ko kaɗan. Abin da ke cikinsa lambobi ne da ke wakiltar haruffa: babban A lamba 65 ne, tazarar da ke tsakanin kalmomi lamba 32 ce, haka har ƙarshe. Babu gurbin da za a rubuta "wannan kalma ja ce". Launin da kake gani manhajar ce ke shafa shi lokacin da take nuna maka, kamar mutumin da ya sa tabarau mai duhu ya kalli farar takarda. Ka ba wani takardar, tabarau ɗinka na nan a fuskarka. Word daban ne, shi yana ajiye launi da girman harafi a cikin fayil ɗin .docx kansa, shi ya sa idan ka ja wa kan wasiƙa jan launi yake bin ta duk inda ta je. Tunda HTML kake koyo, ka riƙe wannan da kyau, don ɗalibai da yawa suna cakuɗa su: launin shafin da mutane za su gani a intanet, da CSS ake rubuta shi, da color da background-color, a cikin kod ɗin. Launin da kai kake gani lokacin da kake rubuta kod ɗin, wannan tsakaninka da idonka ne.

To me ya sa rubutun ya ɓace, wani kuma ya yi faci-faci? Saboda a Notepad++ babu wani abu guda ɗaya da ake kira launin rubutu. Kowane yaren kwamfuta yana da jerin salo nasa, kuma kowane salo yana da launin harafinsa da launin bayansa. A HTML kaɗai, alamomin buɗewa da rufewa suna da nasu, sifofin da ke cikinsu suna da nasu, abin da ke tsakanin alamar zance yana da nasa, sharhin da kake bar wa kanka yana da nasa. Duk an ɗinka su ne don farin bango. Kai ka je ka canza babban bango kaɗai, sauran suka tsaya da fararen bayansu, shi ne facin da ka gani. Da ka tilasta wa kowa baƙin bango kuma, duk salon da harafinsa baƙi ne ya nutse, masu shuɗi mai duhu suka koma sai an ƙura ido. Ka rina riga ne ka bar aljihu da wuya da aikin zare yadda suke.

Hanya mafi sauƙi ita ce kada ka fara da ɗinki, ka fara da ɗinkakke. Shiga Settings, sannan Style Configurator. In kwamfutarka da Faransanci take, kamar yawancin namu a nan, Paramètres ne, sannan Configurateur de coloration syntaxique. Can sama akwai wurin zaɓen saitin launuka, abin da suke kira theme. Akwai Zenburn, da Obsidian, da Monokai, da Deep Black, da Solarized mai duhu da mai haske, da wasu. Kowanne wani ne ya zauna ya daidaita dukan salon nan don su zauna lafiya da juna. Buɗe fayil ɗinka na gaske a baya, ka riƙa zaɓa ɗaya bayan ɗaya, nan take za ka ga yadda yake sauyawa. In babu wanda ya yi maka, danna Cancel komai ya koma yadda yake. Daga fitowa ta 8, wadda ta zo a 2021, an ƙara Dark Mode a cikin Preferences, shi kuma har sandunan sama da na gefe yake duhuntawa, ba filin rubutu kaɗai ba.

Sai ka sami wanda ya kusa da abin da kake so, sannan ka taɓa shi kaɗan. A jerin hagu zaɓi Global Styles, sannan Default Style, nan ne asalin launin harafi da na bango suke. Akwai wani mai suna Global override, shi ne mai tilasta wa kowane salo launi ɗaya idan ka yi wa akwatunansa maki. In wasiƙa ko darasi kake rubutawa, babu laifi. In kod ne, kada ka tilasta launin harafi, domin za ka kashe amfanin launukan gaba ɗaya. Ba don ado aka yi su ba. Ranar da ka manta rufe alamar zance, za ka ga layi biyar a jere sun rikiɗe sun zama launi ɗaya, nan take ka san inda ɓarnar take tun kafin ka buɗe shafin.

Abubuwa uku ne mutane suke mantawa a cikin Global Styles, kuma su suka fi kawo mini ƙara: launin tsinken nan mai ƙiftawa da ke nuna inda kake rubutu, launin bayan layin da kake kai, da launin abin da ka zaɓa. Sunayensu Caret colour, Current line background colour da Selected text colour. In ka bar bayan layin da kake kai da haskensa na asali alhali harafinka ya koma mai haske, to duk layin da ka taka sai ya dushe, ka bar shi ya dawo. Na ga wanda ya kwana yana zargin ƙwayar cuta ta shiga masa kwamfuta, ashe wannan ne kawai.

Yanzu lambobin launi, don ba za ka daɗe kana zaɓa da ido ba. Kowane ɗigo a allonka fitilu uku ne ƙanana: ja, kore, shuɗi. Kowace ana iya kunna ta daga 0 zuwa 255. In ka ninka 256 sau uku za ka sami launi 16,777,216. Abin akasin rini ne. A karofi, iya yawan baban da zane ya sha iya duhunsa, amma a allo iya abin da ka ƙara iya hasken da za ka samu: duka uku a 0 baƙi ne ƙirin, duka uku a 255 fari ne fat, in kuma ukun sun yi daidai a tsakiya sai ka sami ruwan toka. Masu kod suna rubuta su a dunƙule da alamar # da gurbi shida, biyu na ja, biyu na kore, biyu na shuɗi, daga 00 zuwa FF. Wato #000000 baƙi, #FFFFFF fari, #FF0000 ja zalla. A madannan Faransa irin AZERTY da muka saba da su, alamar # tana kan AltGr da 3. A akwatin zaɓen launi na Notepad++, in ka danna More Colours, lambobin 0 zuwa 255 ɗin za ka cika a gurbin ja da kore da shuɗi.

Wane launi ya fi dacewa da ido kuwa? Abin da ido ke nema shi ne tazarar haske tsakanin harafi da bayansa, kuma ana auna ta. Ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, ta fitar da ma'auni a cikin ƙa'idojinta na WCAG 2.0 a 2008: rubutu na yau da kullum ya kai aƙalla 4.5 bisa 1, in ana son mafi inganci 7 bisa 1. Baƙi a kan fari shi ne ƙoli, 21 bisa 1. Abin mamakin shi ne ido ba ya ɗaukar fitilun nan uku da nauyi ɗaya. A lissafin hasken, kore ya kwashe kusan kashi 72 cikin ɗari, ja kusan 21, shuɗi 7 kacal. Shi ya sa shuɗi zalla a kan baƙi bai kai 2.5 bisa 1 ba, ka ga dalilin da alamominka suka nutse. Rawaya zalla a kan fari kuwa ko 1.1 bai cika ba, kusan babu ke nan. Korenka a kan baƙi ya haura 15, don haka ba ƙarancin tazara ne matsalarsa ba, kaifinsa ne ya yi yawa, kamar fitilar babur a cikin ɗaki. Asalinsa ma ba zaɓin gwanaye ba ne. Tsofaffin alluna irin wanda IBM ta fitar da kwamfutarta a 1981 launi ɗaya kawai suke iya nunawa, sinadarin da aka shafa a gilashin ne ke ba da kore. Masu shirya fina-finai ne suka mayar da shi alamar ƙwarewa.

Ga abin da ni nake amfani da shi, kuma ba ɗaya ba ne dare da rana. Shagonku ƙofarsa a buɗe take tana kallon titi. Daga hantsi zuwa la'asar, musamman a bazarar Afrilu da Mayu, hasken da ke shigowa ya fi ƙarfin allon. In bangonka baƙi ne a lokacin, gilashin ya zama madubi: fuskarka za ka riƙa gani, da mai kabu-kabun da ke wucewa, da mai tallan ruwa, rubutun kuma yana can ƙarƙashinsu. Da rana bango mai haske ya fi, amma ba fari fat ba. Gwada ruwan madara, #FDF6E3, wato 253, 246, 227, da harafi #222222, wato 34 sau uku. Tazararsu ta kusa 15 bisa 1, ga shi kuma ba ya ƙyalli kamar sabon kwano. Wannan ruwan madarar daga Solarized na aro shi, saitin launi 16 da Ethan Schoonover ya fitar a 2011. Bangonsa nake so, amma harafinsa na asali, #657B83, tazararsa da bangon 4.1 ce kawai. A sabon allo cikin ofis mai labule yana da daɗin kallo. A kwamfutar gwanjo da fitilar allonta ta gaji, ga ƙurar hunturu ta kwanta a kai, wahala ce.

Da dare, in kana ɗaki ko kana gefen fada ana dafa shayi, hasken wurin kaɗan ne, sai ka juya. Bango #1E1E1E, wato 30 sau uku, harafi #D4D4D4, wato 212 sau uku. Ka lura ba baƙi ƙirin ba ne, ba kuma fari fat ba, amma tazarar ta haura 11. Sai dai ka san wani abu: a duhu ƙwayar ido tana buɗewa, in ta buɗe kuma kaifin gani yana raguwa, sai farin harafi ya yi kamar yana zubar da haske a gefensa. Masu matsalar ido irin wadda ke sa fitilun mota su yi musu wutsiya da dare sun fi jin wannan. Masu bincike a jami'ar Düsseldorf ta Jamus sun gwada mutane da aikin tace rubutu, suka wallafa a 2013 cewa matasa da tsofaffi duka sun fi kama kurakurai idan harafi mai duhu ne a kan bango mai haske. Saboda haka takardar mutane da za ka duba kafin a buga, duba ta a bango mai haske ko da dare ne.

A nan ne Hausarmu ta shigo, kuma wanda ya tsara saitin launi a Amurka ko Faransa bai yi tunaninta ba. Bambancin k da ƙ, da d da ɗ, da b da ɓ, da y da ƴ, ɗan lanƙwasa ne da bai wuce ɗigo biyu ko uku ba a ƙaramin harafi. In launi ya dushe, shi ne farkon abin da ke ɓacewa. Sai kafa da ƙafa su zama ɗaya a idonka, da daka da ɗaka, da bari da ɓari. Ka buga wa mutum takardar gayyata ka ce ya kara alhali ya ƙara kake nufi. Ni duk saitin da zan gwada, layi ɗaya nake rubutawa: ƙaƙƙarfan ɗan ɓera ya ɓuya a ɗakin ƴaƴa. Sai in jingina da kujera, in ja baya kamar kamu ɗaya daga inda na saba zama. In ban ga kowace lanƙwasa ba tare da na runtse ido ba, saitin ya faɗi, komai kyansa. Wani lokaci ba launin ne da laifi ba, zubin harafin ne. Noto Sans Mono yana da haruffanmu duka, a wurin nan na Default Style ake zaɓensa bayan ka saka shi a kwamfuta, ka kuma ɗaga girman zuwa 12 ko 13. Fayil ɗin kuma ya kasance a UTF-8, tsarin ajiye haruffa da ya san namu, in ba haka ba alamar tambaya za ka tarar a gurbinsu.

Kafin ma ka taɓa launi, duba hasken allon kansa. Da yawa daga masu cewa fari yana ƙona musu ido, allonsu a ƙure yake tun tsakar rana, suka shiga dare da shi a haka. Ɗauki farar takarda ka riƙe a gefen allon. In allon ya fi ta haske nesa ba kusa ba, rage shi har su yi kusa. Wannan ne kuma yake ceton batir idan an ɗauke wuta, ba baƙin bango ba. Allon LCD, wanda shi ne a kusan duk kwamfutocin da ke hannunmu, fitilarsa a baya take kuma a kunne take ko da baƙi ake nunawa, rufe hasken kawai ake yi. A allon OLED, irin na wasu wayoyi, nan ne baƙin ɗigo yake a kashe da gaske, nan ne duhu ke rage cin batir.

Tunda aikinka bugawa ne, ga wadda ta taɓa cin ni. Na taɓa kai darasi wani shago a buga mini kwafi talatin, daga kwamfutata mai duhun bango. Takardu suka fito kamar an rubuta da ruwan shinkafa, da ƙyar ake ganin inuwar haruffa. Na tsaya ina yi wa yaron shagon faɗa cewa tawadarsu ta ƙare, ashe laifina ne: manhajar ta cire bangon, ta bar harafin da haskensa, ta ɗora shi kan farar takarda. Na biya kuɗin, na ba shi haƙuri. A Preferences, ɓangaren Print, akwai zaɓin launin bugawa guda huɗu. Zaɓi Black on white ka huta. Na farkon, WYSIWYG, shi ne mai buga abin da ka gani yadda yake, da baƙin bangon da komai, shafi goma sun isa su sa maigidanka ya tambaye ka ina tawada ta tafi.

Nan gaba kaɗan za ka koma VS Code, kowa yana komawa, manhajar rubuta kod ce ta Microsoft da ta fito a 2015. A can Ctrl da K, sannan Ctrl da T, shi ke buɗe jerin saitin launuka. In kana son naka, danna Ctrl da Shift da P, rubuta settings json, zaɓi na User, ka saka wannan tsakanin manyan bakunan fayil ɗin:

"workbench.colorCustomizations": {
  "editor.background": "#FDF6E3",
  "editor.foreground": "#222222",
  "editorCursor.foreground": "#CC0000"
}

Dokar ba ta canza ba: ka fara zaɓar saiti mai haske kafin ka saka bango mai haske, in ba haka ba abin da ya same ka a Notepad++ zai sake samunka. Launin sharhi da na kalmomin umarni suna ƙarƙashin editor.tokenColorCustomizations. Bakunan nan a AZERTY, AltGr da 4 ke buɗewa, AltGr da madannin = ke rufewa, kuma ka kula da waƙafi tsakanin layuka, guda ɗaya in ya faɗi sai an ja maka jan layi. A manhajar rubutu ta Vim kuwa, in wata rana aiki ya kai ka kwamfuta mai Linux maimakon Windows, :colorscheme desert ya ishe ka farawa, ka rubuta shi a fayil ɗin .vimrc don ya zauna. Notepad na Windows shi ba ya ba ka zaɓen launi, iyakarsa haske ko duhu a Windows 11.

In za ka zaɓi launuka da kanka, kada ka dogara da ja da kore kaɗai wajen bambanta abu biyu. Akwai mutanen da ba sa rarrabe su sosai, gado ne, kuma an fi samunsa a maza. Kwamfutar shago ba kai kaɗai ke zama gabanta ba.

In ka gama daidaitawa ka danna Save & Close, to ka ajiye kwafi. Rubuta %APPDATA%\Notepad++ a sandar adireshi ta mai binciken fayiloli, za ka ga stylers.xml, shi ne saitin asali, da jakar themes. Kwafe su a filashi. Ranar da aka sake wa kwamfutar shagon Windows, sai ka mayar da su wurinsu ka buɗe manhajar. In kuma abokinka yana son ganin irin launinka, fayil ɗin saitin za ka tura masa ya saka a tasa jakar themes, ya rufe Notepad++ ya sake buɗewa, sannan ya zaɓe shi a jerin.